Yadda Na Zama Mai Tsoron Jirgi

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma shekarar da na ajiye aikin haƙar rijiya ba ta cikinsu. Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ina jin ita za ta rage. A shekarar ne na san cewa mutum yana iya jin tsoro har ya manta da ɗanɗanon abinci, kuma a cikinta na sami sunan da har yau ake kirana da shi idan na juya baya.

Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Tsamaye, cikin ƙasar Sabon Birni. A lokacin ina aiki da wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse, wanda ke da gareji a Isa, kuma ni ke tuƙa injin haƙar. Aiki ne mai daɗi, don duk garin da muka shiga da murna ake tarbar mu, a cika mu da fura da nono. Sai hanyoyi suka lalace saboda mutanen daji. Haka muke kiran 'yan bindiga a wajenmu, don ba mai son kama sunansu da baki. Motar haƙa kuwa ba abin da ake ɓoyewa ba ce, tun daga nesa ake jin rurinta. Aiki ya tsaya cik, muka koma zaman gareji muna goge ƙarafan da ba su yi datti ba.

Manajanmu wani dattijon Bayarabe ne mai tumbi, ya daɗe a Arewa har yana jin Hausa kamar jakin Kano. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Shi bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai bawana, ni kuma nakan ce masa kakanninmu ne suka koya wa nasa sa wando. Wata safiya ya kira ni ofis ya ce kamfani zai rufe garejin Isa, amma ya sami kwangila a wata ƙasar Larabawa, can bayan teku, kuma ina cikin 'yan kaɗan ɗin da aka zaɓa. Za a yi shekaru ba a dawo ba, ba a tafiya da iyali, amma da dala za a riƙa biya. Na fito ofishin nan ina jin kamar ƙasa ta yi mini kaɗan.

A gida akwai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da matata mai juna biyu. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Na gaya wa Inna, na roƙe ta ta riƙe maganar a cikinta. Ta ce to. Amma a wajenmu ba a barin ɗa ya yi doguwar tafiya ba a nema masa addu'a ba, balle wanda zai ƙetare teku. Inna ta ga ai addu'a ba tonon asiri ba ce. Ta daka gero ta yi fura, ta soya waina, aka bi gida gida da sadaka ana cewa a sa ɗanta a addu'a. Duk wadda ta karɓa sai ta tambayi ina za shi, Inna kuma ba ta iya ƙarya ba, ga daɗin da ke cinta. Kafin Juma'a ta zagayo, har wanda bai taɓa gaishe ni ba ya fara ce mini Alhaji. Ban ɓoye muku ba, ni ma abin ya yi mini daɗi, har wata tafiya na ƙirƙiro mai ɗan rangaji.

Ranar kasuwar Sabon Birni na haɗu da wani abokina na ƙuruciya, Bafulatani, wanda muka yi kiwon awaki tare. Mutanen daji sun kore masa shanu kaf, ya koma tufkar igiya yana sayarwa. Da ya gan ni bai yi mini barka ba. Ya kama hannuna ya ja ni bayan rumfar masu kanwa, ya yi kamar yana nuna mini igiya, yana magana bai dube ni ba.

"Aboki, sunanka ya shiga daji," in ji shi. "An ji ana tambayar gidan da ɗansu za ya riƙa amsar dala. Ba kai suka nema ba. Jira za su yi ka tahi, kuɗɗi su hwara shigowa, sannan su ɗauki tsohuwa."

Na tambaye shi inda ya ji. Ya ce in bar wannan, kuma in na taɓa cewa daga bakinsa ta fito, to na kashe shi. Ya miƙa mini igiyar, na biya, na tafi da ita ban san me za ni ɗaure ba.

Ban san yadda na isa gida ba. A kan babur duk kurmin da muka wuce sai in ga kamar ya motsa. Na tarar da Inna zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafafu tana tsince wake, ƙafafun nan da ko zuwa rijiya sai ta huta a hanya. Nan take na tuna da wata tsohuwa ta ƙauyen da ke gabanmu, wadda aka ɗauka saboda ɗanta yana aiki a birni. An tara abin da suka nema an kai, amma ba ta dawo ba, an ce tafiyar ƙasa ce ta gagare ta. Na tsaya ina kallon Inna, ta ɗago ta ce ko na sayo mata daddawa. Na ce na manta.

Na yanke shawara ba za ni je ko'ina ba. Wanda na fara gaya wa shi ne kawuna, ƙanen Inna, amma ban ba shi dalilin duka ba, na ce dai ba na son barin tsohuwa. Kawu mutum ne da ke ɗauke da Gobir gaba ɗaya a kafaɗarsa. Ya ce in na ƙi tafiya korata za su yi, kuma a danginmu ba a taɓa korar kowa daga aiki ba.

"Kada ka tsaya Bayarabe shi kore ka," ya ce. "Aje musu abinsu da hannunka, ka hito da mutuncinka."

Maganar ta shige ni, don ta zo daidai da abin da nake so, wato in raba sunana da wannan tafiya da gaggawa. Kuma ina da abin da na dogara da shi. A ƙasarmu gwamnati ba ta biyan wanda ya rasa aiki, amma kamfaninmu yana da asusun tallafi da ake cirar wani abu daga albashinmu kowane wata ana zubawa. Duk wanda aikinsa ya ƙare, ana ba shi wani kaso na albashi na 'yan watanni kafin ya sami madafa. Lissafina shi ne da wannan za ni kama ɗaki a cikin garin Isa, in kwaso Inna da matata daga ƙauye tun kafin a zo neman su. Ban taɓa tambayar sharuɗɗan asusun ba. A ganina tunda daga gumina aka cira, ai nawa ne.

Da na kai wa manaja takardar ajiye aiki, ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarsa babu wasa ba sai ranar.

"Bawana, ɗauke takardarka," ya ce. "Ka ce ba za ka je ba kawai, ka zauna har in sallame ka. Wanda aka sallama yana da haƙƙi a asusu. Wanda ya tafi da ƙafarsa ba shi da komai."

Na tambaye shi yaushe sallamar za ta fito. Ya ce abin na babban ofis ne, wataƙila sai bayan kaka. Ga shi ko gero bai fara fitar da kai ba. Har zuwa lokacin sunana yana cikin masu tafiya, kuma kowa a gareji zai ci gaba da faɗin haka. Ya tambaye ni abin da ke kora na, na kasa gaya masa. Sai na fake da wasa, na ce ni Bagobiri, Bayarabe ya kore ni, da wane ido za ni dubi jama'a? Muka yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya karɓi takardar yana girgiza kai, ya ce saura ƙofa ɗaya. Kwamitin asusu zai zo daga Sakkwato, kuma in mutum ya kawo dalili mai ƙarfi na ƙin tafiya, suna iya ɗaukar sa kamar wanda aka sallama.

Kwanakin jiran kwamitin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Na bi majalisa majalisa ina cewa na fasa tafiya, amma ba wanda ya yarda. Wasu suna murmushi suna cewa na iya ɓoye arziki. Ƙarar babur kuwa, abin hawan mutanen daji, ta zame mini ciwo. Ina cikin alwala in na ji ta sai butar ta suɓuce. Na rame har matata ta fara jiƙa mini saiwoyi, tana zaton shawara ce ta kama ni.

Ranar da kwamitin ya zo, ofis ya yi musu kaɗan, sai aka jera tebur a babbar rumfar gareji, wadda ba ta da bango ko ɗaya. Duk waɗanda aikinsu ya ƙare suna zaune a kan benci, ga 'yan kabu-kabu da masu talla sun taru a gefe suna kallo, kamar yadda mutanenmu suka saba in sun ga baƙuwar mota. Shugabar kwamitin wata Hajiya ce mai tabarau, mai magana a hankali. Tun daga gida nake ta shirya abin da za ni faɗa, na jera shi tsaf a kaina.

Da aka kira ni, ta yi mini bayani a fili. Ta ce tunda ni na ajiye aiki da kaina, a ƙa'ida ba ni da rabo. Amma ba kowane canjin wurin aiki ne dole mutum ya karɓa ba, balle na wata ƙasa. In akwai rashin lafiya, ko wani haɗari da zai faɗa wa iyalina in na tafi, in faɗa su rubuta, sannan su aika ƙauyenmu a tabbatar daga bakin mai gari. Ta ce in haka ne za a biya ni kamar kowa.

Dalilina ke nan ta faɗa da bakinta, saura kawai in ce haka ne. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan wani mutum da ke jingine da ginshiƙin rumfar. Ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne, mai sayar da man fetur a jarka, wanda ake raɗe-raɗin su wane ne manyan masu sayen mansa. Yana tsaye yana sakace haƙori yana kallona. Har yau ban sani ba ko aiko shi aka yi ko inuwa kawai ya shigo sha. Mai yiwuwa bawan Allah ne da bai taɓa cutar kowa ba, kuma in haka ne Allah ya yafe mini zaton da na yi masa. Amma a lokacin nan ba ka san wanda za ka yarda da shi ba, ko a sahun masallaci.

Na san abin da ake yi wa wanda aka ji ya kai maganar mutanen daji gaban hukuma, don mun binne irinsu. In na yi magana, kafin la'asar ta isa inda ba na so. Za a tambayi wanda ya tsegunta mini, kuma mutane da yawa sun gan ni da mai igiya a kasuwa. Ga kuma aiken da za a yi wurin mai gari, wanda shi ma da kyar yake riƙe da ransa. Na yi tunanin in roƙi Hajiya mu keɓe, sai na ga ai neman keɓewar ma magana ce, kowa zai gane abin da ake keɓewa a kai. Ta sake cewa tana saurarena.

"Hajiya," na ce, "tsoron jirgi nika yi."

Sai rumfar ta fashe da dariya. Wani ɗan kabu-kabu har da riƙe ciki. Ina ji ana maimaitawa ga na baya waɗanda ba su ji ba. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta dube ni, irin kallon wanda ya san ba a gaya masa gaskiya ba.

"Malam, ka tabbata wannan ne kaɗai?"

"Shi kaɗai na, ranki shi daɗe."

Ta ɗan jira, ko za ni ƙara wani abu. Da ta ga na sunkuyar da kai, ta ce cikin taushi wannan ba ya cikin dalilan da asusu ya yarda da su, ta yi mini fatan alheri. Na tashi na ratsa ta cikin masu dariya. Manaja yana zaune a ƙarshen tebur ya zuba wa ƙasa ido. Shi da ke da lasisin yi mini ba'a, har muka rabu bai taɓa tsokanata da wannan maganar ba.

Labarin ya riga ni isa gida. Kawu ya aiko a gaya mini na zubar da mutuncin dangi, ya daina amsa gaisuwata. Matata kuwa na ga yadda take kauce wa zuwa gidan suna. Inna kaɗai na zaunar na gaya wa gaskiya, ta rufe baki da gefen zane ta yi ta kuka tana cewa bakinta ne ya jawo. Ba aiki, ba tallafi, ba kuɗin ɗaki a Isa, ga mu nan zaune a inda ake nemanmu. Da abinci ya fara ƙarewa na ɗauki fartanya na shiga ƙwadago a gonakin mutane, ni da ake ce wa Alhaji kwanan baya. Yara suna ganina sai su buɗe hannuwa suna kwaikwayon ƙugin jirgi.

Muna cikin noma na biyu a gonar wani maƙwabcinmu, da hantsi, muka ji babura. Gero ya kai ƙugu, babu wurin ɓuya, kuma gudu shi ne mafi muni. Suka tsaya a bakin gona, bindigogi rataye, fuskoki a naɗe da rawani. Aka tara mu aka ce mu zauna. Na zauna a kan kunyar gero. Abin da kawai ke kaina shi ne daga nan gidanmu ba nisa, kuma Inna tana ciki.

Babbansu ya tambayi wane ne mai tafiya ƙasar waje. Idanun mutane suka nuna ni. Ya matso ya tsaya a kaina, ya dubi rigata mai yagewa a kafaɗa, ya sa bakin bindiga ya juya tafin hannuna ya ga kantar fartanya da bororo. Wani daga cikinsu ya raɗa masa magana, sai na ga kafaɗunsa suna girgiza.

"Kai na mai tsoron jirgi?"

Na ce ni ne. Ya ce to in tashi in nuna musu yadda jirgin ke yi. Na tashi na buɗe hannuwa, na riƙa zagaya gonar nan ina ƙugi da baki, magidanci da gemu, ina tattaka geron mutane, ina jiran harsashi a tsakiyar bayana. Suka yi ta dariya har wani ya sauko daga babur ya durƙusa. Da suka gaji, babban ya tofar da yawu ya ce, "Wanga ko sisi ba ya ajewa. Arziki ya zaka mai har gida ya guje shi." Suka karɓe wayoyin da ke jikinmu da goran furarmu, suka hau suka nufi gabas, ba ta hanyar gari ba.

Ban tsaya ɗaukar fartanya ba. Na shiga gida da gudu na tarar da Inna tana gyangyaɗi a inuwar rumbu, matata tana tankaɗe. Na zube a wurin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ba a sake tambayar gidanmu ba. Bayan kaka muka sayar da ɗan abin da muka samu da tumakin Inna, muka lallaɓa muka koma Isa, ɗaki ɗaya da rumfa. Na koma gyaran injin ban ruwa a bakin kasuwa. Inna ta yi sauran shekarunta a nan, ta cika a kan gadonta, kanta a cinyata.

Cikin da matata ke ɗauke da shi a lokacin mace aka haifa, yanzu har ta shiga makaranta. Kwanaki ta dawo ranta a ɓace, ta ce yara sun ce babanta ya ƙi arziki saboda tsoro. Ta tsaya a gabana tana so in ƙaryata.

"Baba, da gaske tsoro ya hana ka tahiya?"

Na ce mata da gaske ne, tsoro ne. Ban yi mata ƙarya ba, sauran bayanin kuma sai ta girma.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk matashin da ya zo mini da maganar ajiye aiki nakan ce ya fara tambayar abin da zai rasa, kuma ya saurari wanda ya san ƙa'ida ko da abokin wasansa ne, don da na yi haƙuri an sallame ni da haƙƙina ya fito. Masu tsara irin wannan asusu kuma ina roƙon su tanadi ɗaki mai ƙofa, saboda akwai dalilan da ba a faɗa a rumfa. Amma babban abin shi ne mutunci. Na ajiye aiki don kada a ce an kore ni, na ƙare ina ƙugin jirgi a gonar mutane, kuma a ranar na gane mutuncin da nake ta karewa bai kai ran tsohuwa ɗaya ba. Da za a mayar da ni rumfar nan a sake tambayata, amsar da na bayar ita za ni sake bayarwa.